Saƙonni Bakwai da Ban Saurara Ba

Zuwa ga ƙanena Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ake yi wa wanda ba zai amsa ba, ni ce Yayarka Rabi, daga gidanmu na unguwar Bani Harisa, nan birnin Manzon Allah.

Ranar Talata bayan La'asar na gane. Maƙwabciyata Ramatu, wadda ke aikin jinya kuma take jin Turanci, ta shigo ta miƙa mini wayarta. Hotonka ne da baƙar kwat, a ƙasa an rubuta shekara biyu da ɗan layi a tsakani. Na dubi ta farkon, na ga shekarar da Inna ta haife ka ce daidai, shekarar da na fara goyo. A fim ba sa rubuta shekarar haihuwar mutum ta gaskiya. Na zauna a ƙasa da ludayi a hannu.

Kwana huɗu ke nan da rasuwarka, ni kuwa ina ta girki.

Kai ka san dalili. Shekarunka na farko a Amurka, ba ka faɗa mana wasan fim kake yi ba. Wata rana aka kawo mana hotonka mai motsi, kana gadin ƙofar wani banki aka harbe ka a ƙirji. Inna ta suma. Muka jera kujeru a ƙofar gida, muka dafa gahawa, mutane suka zo ta'aziyya tun daga Ƙuba. Kashegari ka bugo waya kana dariya, ka ce jinin ma na roba ne, kuma an biya ka. Wata guda Inna ba ta fita ba don kunya.

Daga nan na daina tsorata. Na ga ka mutu a direban tasi, na ga ka mutu a soja, na ga an jefo ka daga bene. Sannu a hankali suka fara barinka ka yi magana kafin su kashe ka. Sai ka zama likita a wani wasa mai dogon zango, shekara uku ba wanda ya taɓa ka. Da ka fara shirya naka finafinan kana ɗaukar mutane aiki, ka ce mini, “Yaya, na daina mutuwa. Yanzu ni ke zaɓar wanda zai mutu.”

Shi ya sa ranar Juma'a, da matarka ta turo hotonka a gadon asibiti da roba a hanci, na ce sabon aiki ne. Har na ce wa maigidana wannan karon sun iya kwalliya. Ta turo saƙon murya, ta sake turowa, har bakwai. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, kullum kai ne a tsakaninmu. Na bar su na ce in ka tashi daga aiki za ka fassara mini.

Ramatu ce ta fassara su, tana yi tana tsayawa.

A na farko matarka ta ce zuciyarka ce, kuma kana kiran sunana. A na uku ta ce ka cika. A na huɗu tana tambayata yadda ake yi wa Musulmi wanka, da wanda ya kamata ta kira, domin ba ka taɓa koya mata ba. A na biyar ta ce ka taɓa faɗa mata kana so a kwantar da kai kusa da Inna a maƙabartar Baƙi'a, ko hakan zai yiwu. A na shida kuka ne kawai. A na bakwai ta ce sun yi abin da suka iya.

Haruna, ban san mene ne abin da suka iya ba. Ban san ko an yi maka wanka ba, ko an sa maka likkafani, ko an juya fuskarka alƙibla. Ni da na yi maka wankan farko na duniya a cikin daro, kana tsala ihu. An tambaye ni na ƙarshen, na kifa wayar a kan firij.

Jiya mun sake jera kujerun. Wani tsoho da ya zo wancan karon ya tsaya a bakin ƙofa, ya tambaya a hankali ko an tabbatar. Ban ga laifinsa ba.

Ramatu ta ce ’yan fim na can suna ta rubuta yabonka, wai ka buɗe wa mutane da yawa ƙofa. Na gode musu. A cikinsu babu wanda ya rubuta inda kabarinka yake.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata makwancinka ko a ina yake, Ya haɗa ka da Inna. Allah Ya saka wa matarka da alheri, ta nemi hanya ita kaɗai. Ni ma ka yafe mini.

Lambarta tana wayata. Ramatu ta ce za ta zauna kusa da ni ta fassara duk lokacin da na shirya. Har yanzu ban kira ba.

Yayarka,
Rabi