Masauki a Gidan Suruki

Mayahi, kakar gyaɗa

Zuwa ga Lauratu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lahiya ke da jinjiri. Bayan haka, tun da anka maido bironmu, wato ofishin awon gyaɗa, daga Tasawa, ban ga daidai ba. Gidajen ma'aikata ko tubali ba a aza ba, abokan aikina su Danda cikin rumbun buhuna suke kwana. Baba, mahaifinki, ya ji labari, ya rantse surukinsa ba zai kwana kan gyaɗa ba, ya sauke ni ɗakin da ke jikin zaurensa.

Lauratu, yunwa za ta kashe ni. Ta yaya zan kai loma baki, mahaifinki na jin motsin akushina? Ko tari sai na fita waje. Wandona har ya fara zamewa. In na ce zan tashi, na raina alherinsa. Ina shawarar ajiye aikin in dawo gida.

Naki,
Ƙadri

Tasawa

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa da ladabi, mu lahiya lau, wankan jego ya kusa ƙarewa. Malamin da ya karanta mini takardarka sai da ya tsaya ya share hawayen dariya. Don Allah kada ka taɓa aikinka, da mi za mu ci?

Inna ta aiko da saƙo ta bakin direban kamiyo, motar kaya. Wai tun saukarka Baba bai ci tuwo a zaurensa ba. Masallaci yake fakewa har ka shige, kuma ya hana kowa ɗaga murya. Ya rame ya fi ka! So yake ka samu wuri, amma yana jin kunyar a ce ya kori suruki. Na aika wa Kawu Bawa, shi ba ya jin nauyin kowa cikinku.

Allah ya bar mu tare,
Lauratu

Mayahi

Lauratu,

Gaisuwa. Alhamdu lillahi! Kawu Bawa ya je ya roƙi Baba ya ara masa ni, wai shagonsa na bayan kasuwa yana son mai gadi. Baba ya yi ta faɗa, ya ce bai yarda ba, amma kafin ya rufe baki an ɗaure mini tabarmata. Ɗaki biyu ne, kusa da biro. Kina gama wanka ki taho.

Jiya na ci tuwo ƙofa a buɗe har na yi gyatsa. Inna ta ce Baba ma ya nemi ƙari.

Sai kin zo,
Ƙadri