Basha da Maganar Zuwan Mardiya

Abbasiyya, Alƙahira,
9 ga Yuli, 1981.

Zuwa ga Yayana Malam Lawal,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da Inna da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafarta, ya sa damina ta yi albarka. Ni ma lafiya lau, sai zafin garin nan.

Wasiƙarka ta iso, kuma dole in fara da yabon ɗan uwanmu Habu. Allah ya yi masa albarka, yaron nan ya fi rediyo aiki. Kwana goma sha biyu ya yi a gidana yana sayen kaya a kasuwar Ataba, bai taɓa ɗaga mini ko kwando ba, ashe ƙarfinsa yake tarawa don ya ɗauko maka labari har Kano. Yanzu ka ce ba za ka turo 'yarka Mardiya karatu ba, tunda na ajiye kare a ɗaka.

To Yaya, gaskiya ne, kuma ba na jin kunyarsa. Sunansa Basha. Matar wani jakada a unguwar Zamalek da nake kai wa atamfa ce ta bar mini shi da aka yi musu canjin ƙasa. Bai fi butar shayi girma ba. Fuskarsa baƙa ce, a lotse kamar ya yi karo da bango, idanu waje, wutsiya a naɗe kamar gammo. Yana minshari kamar mijina Alhaji marigayi, shi ya sa gidan ya daina yi mini shiru. Kullum sai na goge masa ninkin fuskar nan da tsumma mai ɗumi, in ba haka ba ya yi gyambo. Zafi ne abokin gabarsa, numfashi yake hana shi, don haka fankata ɗaya tilo shi take kallo, ni kuwa ina fifita da mafici. Bene biyar ba ya iya sauka da rana, sai in sa shi a kwandon da muke zura wa mai burodi da igiya ta taga. Duk layinmu leƙowa suke, yara na ihu da Larabci yalla ya Basha, wato taho Basha, shi kuwa yana zaune kamar mai gari.

Kada ka ce ban yi tambaya ba. Sada, wani ɗalibi ɗan Damagaram, ya gaya mini cewa a mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Akushinsa daban, ɗakin da nake salla ba ya taka shi, ɗakin da na gyara wa Mardiya kuma ƙofarsa a rufe take. Da na ce ai gadi yake mini, Sada ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, amma bai musa ba.

Yaya, ƙarshen watan gobe makaranta za ta rufe ɗaukar ɗalibai. Yarinyar da ta haddace izifi arba'in ba a tsare ta a gida saboda maganar ɗan aike. Wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi, na sani, amma shekara uku ke nan da rasuwar Alhaji, babu mai jirana a bakin ƙofa sai wannan halitta. Ka turo mini 'yata, khalas, shi ke nan in ji Larabawa.

A gaida Inna, da matarka Rabi'atu, da Mardiya musamman. A gaida Habu, a ce masa Basha yana cigiyarsa.

Ƙanwarka har kullum,
Sabuwa.

Af, na manta. Ga hoto na sako, wanda aka ɗauka a bakin Kogin Nilu. Wannan mai rungume da Basha yana washe baki, ba hular da ka ba Habu da Babbar Salla ba ce a kansa?