Murhun Inna Huseina

Garin Hajj Abdalla, Jazira, bayan tsinkar auduga, 1967

Zuwa ga Yaya Maijidda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Almu da yara. Mu nan sai godiya, Sharifa tana gaishe ki.

Yaya, audugar bana ta yi kyau, amma na gaji da dogara ga hawasha, 'yar gonar nan da hukuma ta yanka mini, shekarar da tsutsa ta sauka sai mu wuni muna kallon juna. Wani dillali ya kawo mini maganar bene a nan Damazin ɗinku, hawa biyu, ɗakunan haya ne da aka gina wa leburorin madatsar ruwa. Abin da na tara bai isa ba, banki zai cika mini. Sai dai sun ce dole in yi wa gidan inshora, abin da suke kira ta'amin, don in gobara ta ci shi kamfani ya biya. Mutumin kamfanin zai je ya gani kafin ya yanka kuɗi.

Ni ban yarda da bakin dillali ba. Ki roƙar mini Malam Almu ya duba bango da rufi da ruwa, ya kuma ji ko 'yan hayar suna biya.

Wassalam. Ƙaninki,
Attahiru Gado

*

Damazin

Attahiru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ka gaida Sharifa, ka ce ina jin haushinta, ta bar ka kana mafarkin bene.

Malam Almu yana gonakin tarakta wajen Abu Na'ama, don haka na yafa tobina na je da kaina. Kada ka tsuke baki, idona ya fi nasa. Bango lafiya, sai tsaga ɗaya gefen matakala, ka dai san halin baƙar ƙasar nan. Kwanon rufi bai yi tsatsa ba. Famfo ɗaya ne a tsakar gida, kuma yana zuba. Haya suna biya.

Amma ba wannan ne babban labarin ba. Tun daga bakin ƙofa ƙamshin man gyaɗa ya tare ni, irin wanda ke tashi daga garinmu da hantsi har masu jirgin kamun kifi su ji shi a tsakiyar kogi. Leburorin sun watse tun da aka gama aiki. Waɗanda ke ciki yanzu mutanenmu ne, Attahiru, na garin da ruwan madatsa ya shanye. Ga Rabi'atu matar mai jirgi, ga 'ya'yan liman. Murhu a jere, ana tuyar ƙuliƙuli, ana matsar mai.

Sai na ji an ce, "Wa nika gani? Ɗiyar Gado ta?"

Inna Huseina ce. Ni da aka ce mini ta bi dangi Sinnar! Ta tsufa, gwiwa ta ƙi, amma ludayi yana hannunta. Ta riƙe ni muka yi ta kuka, mata suna mana dariya. Kai ba za ka tuna ba, ni na tuna: ranar da aka kai Innarmu makwanci kana jariri, ita ta ɗauke ka daga cinyata ta sa maka nono. Nata ɗan kogi ya ɗauke shi, kai ka rage mata. Ta ce, "Ina ɗana mai kunnuwan nan? Har yanzu shina tsoron kwaɗo?"

Na ce har gobe.

Allah ya bar zumunci. Yayarka,
Maijidda

*

Hajj Abdalla

Zuwa ga Yaya Maijidda,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na karanta wasiƙarki a bakin kwalbati, sai da na juya wa mutane baya. Na tuna zanenta baƙi, da ƙuliƙulin farko mai zafi da take ɓoye mini a ƙarƙashin faifai. Na tuna tsamiyar bakin mashaya, wadda yanzu kifi ke kewayawa. Ki gaishe ta da kyau.

Yanzu ga magana. Mutumin inshora ya je ya dawo, na same shi a ofishinsu a Madani. Gini bai dame shi ba. Abin da ya gani shi ne murhu a ƙarƙashin matakalar katako, da garewanin mai, da ɓawon gyaɗa tsibi guda. Ya ba ni farashi biyu. In girkin gida kawai za a yi, kuɗin kaɗan ne. In tuyar sana'a za ta ci gaba, kuɗin zai cinye hayar duka, ban da abin kai wa banki, kuma hawashata ce jingina. Ban ga laifinsa ba, ni ma da na ji bayanin na ga hatsarin.

Ki tuntuɓe su a hankali. Ba za su iya mai da tuyar kasuwa ba?

Ƙaninki,
Attahiru

*

Damazin

Attahiru,

Na amsa gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Zaman Jazira ya mantar da kai mutanenka ne? Yaushe ka ga matanmu zaune a kasuwa? A gida suke yi, yara su kai talla. Ita Inna ko bakin ƙofa sai an riƙe ta. Kuma hayar da kake ƙirgawa daga ina take fitowa, in ba daga kaskon nan ba? Mazansu gonakinsu na bakin kogi suna ƙarƙashin ruwa. Ranar da ka kashe wutar, ranar haya ta tsaya, wata biyu sai ka kore su.

Ban tuntuɓi kowa ba, don dillalinka mai dogon baki ya riga ni. Ya baza cewa ɗan Gado zai sayi gidan. Inna ta tara matan ta ce musu, "Ku kwantar da hankalinku, halas. Ɗana na za shi saye. Ba mu ƙara ɗaukar kaya a kai." Sun yi guɗa, Attahiru. Har ta ware maka ɗakin da za ka riƙa sauka, a cikin gidan da kai za ka biya kuɗinsa.

Ban ce ka jefa hawasharka a wuta ba, 'ya'ya gare ka. Gaskiya kawai na gaya maka.

Maijidda

*

Hajj Abdalla

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na koma Madani na roƙi mutumin, ya ce ba shi ke yanka farashi ba. Na nemi bankin su yafe inshorar, suka ƙi. Ba zan iya biya ba, kuma ba zan iya kashe wa Inna wuta ba. Na janye. Aƙalla ba da hannuna za a taɓa ta ba.

Ki ba ta haƙuri. Kunyarta nake ji.

Attahiru

*

Damazin

Attahiru,

Salam. Wani ɗan kasuwa ya sayi benen, shi ma da kuɗin banki. Ya ba su zuwa ƙarshen wata su tashi. Rabi'atu ta koma Rusayris, sauran kowa ya kama gabansa.

Na gaya wa Inna komai. Sai ta tambaya ko akwai gyaɗa a wajenku. Na ce ta dawo wurina, ta ƙi. Ta ce ba ta zama gidan suruki tana da ɗa namiji da rai.

Na ɗora ta a motar Sodangi direba, da kaskonta da garwar mai ɗaya. Alhamis za su iso. Ka tare ta a tasha da jaki, ba ta iya tafiya. Ka share mata wurin murhu nesa da danga, ɗakunanka na ciyawa ne.

Yayarka,
Maijidda