Sabuwar Sarƙa a Keken Yaya Sani

Daren Talata, Kibiya

Barci ya ƙi zuwa. Yau na kai keken marigayi Yaya Sani wurin mai gyara a Rano, ya sa masa sabuwar sarƙa da giyar ƙafar baya mai manyan haƙora, mai sauƙaƙa hawan tudu. Da zan dawo, na haye tudun da kullum Yaya kan sauka ya tura, ko haki ban yi ba.

Bafulatanar da ke sayar da nono a gindin tsamiyar da ke kan tudun ta gane keken, ta ɗaga murya: "Malam Sani, yau ba za a tsaya a sha ba?"

Ashe ba ta ji rasuwar ba. Na wuce ban waiwaya ba.

Da tsohuwar sarƙar ce, da dole na sauka na gaya mata.