Takarda a Gaban Baki

Darwin, Litinin

Zuwa ga Bu Ratmi,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kin isa garinku Salatiga a Indonesiya lafiya, kuma jikin mahaifiyarki da sauƙi. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki alhali kina jinya. Ni ce Imogen 'yar aji uku, mai zama a layin baya, wadda kike cewa sai an kasa kunne ake jin muryarta.

Pak Declan, wato Malam Declan, shi ne ya karɓi darasinki na harshen Indonesiya. Mutumin kirki ne, amma da bakinsa ya ce harshensa ya riga ya bushe, ba ya lanƙwasuwa. Ya saurari muryoyinmu da kika ɗauka, sai ya ce ni zan koya wa 'yan aji ɗaya furuci ranar Juma'a. Na ce to, don kunya ta hana ni cewa a'a.

Bu, malamata, ban taɓa tsayawa gaban aji ba. Ga ƙanena Fergus yana cikinsu. Tun jiya yake kwaikwayona wajen cin abinci, yana motsa baki ba sauti. Ina tsoron in tsaya murya ta maƙale, su yi ta kallona. Don Allah ki roƙi Pak Declan ya nemi wata.

Ki huta lafiya.
Ɗalibarki, Imogen

Salatiga, Laraba

Imogen 'yata,

Na gode da gaisuwa. Tsohuwa ta samu sauƙi, har ta fara yi mini faɗa kan gishirin miya.

Ba zan roƙi kowa ba. Kin manta ranarki ta farko? Na ba kowa 'yar siririyar takarda ya riƙe a gaban baki, ya ce pa, ta, ka. Ku masu Turanci da iska kuke fitar da su, mu kuwa ba ma hurawa. In takarda ta motsa, a sake. Taki ce ta fara tsayawa cak a ajin nan.

Haka za ki yi musu. Kowa takardarsa zai zuba wa ido, ba ke ba. Taki kuma ki yanka ta da faɗi, ta rufe miki fuska in kina so. Shi kuwa Fergus, sa shi a gaba. Mai surutu ya fi kowa iska.

Ki gaida Mamanki.
Bu Ratmi

Darwin, Asabar

Zuwa ga Bu Ratmi,

Ina gaisuwa, ina kuma murna da samun sauƙin Kaka.

Na yanka takardun, tawa kamar faifai. Abu ɗaya muka manta, ni da ke: fankokin aji. Zafin gabanin damina ya sa an ƙure dukkansu. Kafin kowa ya buɗe baki takardu sun kama rawa, aji ya kwashe da dariya. Fergus ya miƙe ya ce, "Malama, tawa ta faɗi jarrabawa tun ban yi magana ba."

Na ce a kashe fanka, ba wanda ya ji. Na sake faɗa. A karo na uku har Pak Declan sai da ya zabura, shi ya je ya kashe da kansa.

Muka yi ta pa, ta, ka, gumi yana jiƙa mana riguna. Wata yarinya mai suna Marlee ce ta fara samu, ta yi ta jan hannuna in zo in gani. Pak Declan ma ya karɓi takarda, tasa ta fi ta kowa tashi. Sai da aka buga ƙararrawa na ga tawa a kan tebur. Ban san lokacin da na ajiye ta ba.

Yanzu haka Fergus yana ƙarƙashin mangwaro da ganye a gaban baki yana ta pa, ta, ka, wai shan iska yake yi.

Mako mai zuwa kaɗa harshe ne, rrr, wannan kuma ba a koyonsa da takarda. In ba zan takura miki ba, ko kin yarda in sake rubuto miki?

Ki huta lafiya.
Ɗalibarki, Imogen