Yaya Sanusi, Na Sauya Aksul Ɗin Tirelarka

Assalamu alaikum, Yaya Sanusi. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama inda kake kwance.

Jiya na sauya aksul ɗin ƙaramar tirelar da kake ja da a-kori-kurarka, ƙarfen nan da tayoyinta biyu ke juyawa a kai. Ni, Bashiru tela, da kake cewa hannuna bai san abin da ya fi almakashi nauyi ba. Amma kafin in ba ka labarin aikin, akwai abin da ya wajaba ka sani.

Hajo, Bafillatanar da kake ɗaukowa da ƙwaryar nononta duk ranar kasuwa, ita ta gaya mana yadda aka yi. Kun baro Tozai da hantsi, buhunan albasa cike da tirela, mata na zaune a kai. 'Yan bindiga suka tare hanya da babura. Ba ka tsaya ba. Ka karya kan mota cikin gonaki, tirela ta faɗa kwazazzabo ta fito, ƙafa ɗaya ta karkace tana ci da ƙasa, matan na kururuwa. Harsashi ya fasa ƙofa ya shige ka ta haƙarƙari, wani ya ɗebe maka kafaɗa. Haka ka ja su har bakin gari, sannan ka kife a kan sitiyari. Ko ɗaya cikinsu ba a taɓa ba.

Ni na wanke kujerar. Bokiti uku, ruwan na fita ja.

Tirelar ta yi wata huɗu a ƙofar gida, a karkace. Inna ta daina bi ta wannan ƙofa. Ni kuwa kullum sai na tsaya na dube ta, ina jin wani abu na tafasa a ƙirjina.

Ran nan ina shago da azahar na ji ihu daga kasuwar shanu, wai an kama mai kai wa ɓarayi rahoto. Ban tambayi kowa ba, Yaya. Na zari sifanar tayarka, doguwar nan, na kutsa cikin taro. Mutumin na ƙasa, an yaga masa riga, ana tattaka shi, bakinsa duk jini. Ya ɗaga hannu ya kare kansa, na sauke masa sifana. Na ji ƙashin ya karye. Na sake ɗagawa na ƙara masa a wuri ɗaya.

Sai wata mace ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta. Hajo ce. Mijinta ne, Buba, ya zo sayar da ɗan maraƙi, wani ya nuna shi da yatsa, shi ke nan. Ta ɗago ta gan ni da ƙarfen a hannu, ta ce, “Kai ma, ƙanen Sanusi?”

'Yan sanda suka ɗauke shi, bayan kwana uku suka sake shi, ba abin da aka samu a kansa. Hannun dama kuwa bai ɗoru daidai ba. Ba ya iya jan guga, ba ya iya yankar ciyawa, ga rani ya shigo, shanunsa na ramewa.

Washegarin da na ji haka na ɗauki babbar guduma na shiga ƙarƙashin tirela. Na yi ta dukan aksul ɗin wai zan miƙar da shi, har tafina ya sale, har na murƙushe babban yatsana, farcen ya fita. Garba mai walda, abokinka, ya zo ya fizge gudumar. Ya ce, “Mi kaka yi haka? Wanga ƙarfe ya tsage ta ciki. Ko ka miƙe shi, tsakar hanya za shi karye da kaya.”

Shi ya auna tsawonsa da igiya, muka tsallaka iyaka zuwa Ƙonni muka samo na hannu mai kyau. Muka ɗaga tirela da jak, muka tokare ta da kututture, muka cire tayoyi. Notocin da ke riƙe da aksul ɗin a jikin sifirin sun ci tsatsa, biyu suka kwance da baƙin mai, biyu sai da Garba ya yanke su da wuta. Da tsohon ya faɗo ƙasa, sai ga harsashi a maƙale tsakanin ganyen sifirin, ya baje kamar kwabo. Tazararsa da inda matan suka zauna ba ta fi taƙi ɗaya ba. Garba ya juya baya yana share fuska da hula.

Muka ɗora sabon, muka cika boris da giris, muka ɗaure. Na juya taya da hannu, ta yi ta juyawa ba gargada.

Yau da safe na loda harawa da durom biyu na ruwa, na nufi rugarsu Buba bayan Darna Sabon Gari. Inna ta riƙe min riga a zaure, na ce mata dole ne. Na same shi zaune gindin aduwa, hannun a rataye da tsumma. Na durƙusa na faɗa masa ni ne mai sifanar, na roƙe shi gafara. Ya daɗe yana kallon shanunsa. Daga baya ya nuna min da haɓarsa inda zan sauke kayan. Bai dube ni ba, bai ce ya yafe ba. Jibi zan koma da wani lodin.

Yaya, ka ba da ranka don matar mutumin nan ta koma gida, ni kuma na nakasa shi da ƙarfenka. Ina jin kunyarka fiye da yadda nake kewarka, kuma Allah Ya sani ina kewarka.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya karɓi shahadarka. Allah Ya ba Buba lafiyar hannunsa, Ya sanyaya zuciyar Inna. Ni kuma Ya yafe min, Ya riƙe hannuna.

Ƙanenka,
Bashiru, Illela.