A Gidan Wa Saliha Za Ta Yi Jego

Alhamis, 22 ga Oktoba, 2009

Malam lafiya, sai tarin nan da ya ƙi barinsa. Ɗana Habibullahi ya warke daga zazzaɓi, ya koma makaranta. Tsohuwar Malam ƙafarta ta sake kumbura. Akuya ta ƙi cin dusa. Ni ƙalau nake, in ban da zuciya.

Gobe baƙin Kaduna za su iso: Saliha da mijinta Abubakar, da Yaya Huseina, yayar Malam. Saliha 'yata ce ta fari. A baki ban taɓa kiran sunanta ba, kunyar ɗan fari ba ta bari, sai da na shiga ajin manya na ga biro ba ruwansa da kunya. Ranar yaye Yaya ta goya ta ta tafi da ita, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Ba wanda ya tambaye ni. Ko an tambaye ni ma, me zan ce a gaban surukai?

Yanzu yarinyar tana da ciki. Abin da ba a yanke ba shi ne gidan da za ta yi wankan jego, nan ko Kaduna. Malam ya ce maganar a hannun yayarsa take.

Juma'a, 23 ga Oktoba

Sun zo. A bakin Saliha, Yaya ce "Mama", ni kuwa "Innar Habibu". Na saba ji, amma kullum kamar yau aka fara.

Na yi mata miyar kuka mai yawan daddawa, na ba Yaya ta kai mata, tunda ba zan tsaya a kanta tana ci ba. Ta share kwanon ta ce Mama ta san abin da ranta ke so. Yaya ba ta gyara ba.

Abubakar ya ce gobe zai kai mu gandun dajin Kamuku, abokinsa yana aiki a can. Mace da ciki a daji! Ga birai, kuma tun muna yara aka ce mai ciki ba ta kallon biri. Ga bakin ruwa da tsakar rana. Na faɗa wa Malam, ya ce in faɗa mata da kaina, ya kuma san ba zan iya ba. Na faɗa wa Yaya, ta ce likita ya ce ta riƙa tafiya. Likitan da ita ta raka ta wurinsa.

To, ni ma za ni.

Asabar, 24 ga Oktoba

A garin nan aka haife ni, ban taɓa sanin ana shiga daji don kallo kawai ba. Mu itace da ɗorawa suke kai mu.

An haɗa mu da wani ma'aikaci mai suna Gabriel, Bagwari ne, da bindigarsa a kafaɗa. A mota Saliha ta jingina da Yaya, ni ina gefen taga da kwandon abinci a cinya. Ciyawa ta fi mota tsawo, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Gabriel ya ce sai rani dabbobi ke fitowa fili. Mun ga zabin daji, mun ga burtu, mun hango bayan gwanki yana shigewa. Ya tsayar da mu ya nuna mana kashin giwa da sawunta a laka, faɗinsa kamar faifai. Saliha ta sa ƙafarta a ciki tana dariya, riƙe da hannun Yaya, Abubakar ya ɗauke su hoto. Ya ce in shigo. Na ce kwando ya hana ni.

Da birai suka tsallaka hanya na taɓa Yaya, ta rufe wa Saliha ido da mayafi cikin wasa. Har wannan ma ita aka yi wa dariyar.

A Dogon Ruwa abin ya faru. Maza sun hau dutse don su ga inda ruwan ke zubowa, mu muna zaune a inuwa. Sai Saliha ta dafe mararta ta ce, "Mama, wani abu yake yi min a ciki."

Yaya ta miƙe tana salati, za ta kira Abubakar, ta dawo, ta sake miƙewa. Ta tambaye ta ko ciwo ne, ta ce a'a. Ta rasa tambaya ta biyu. Sai ta dube ni.

Ban san lokacin da na aje kwandon ba. Na ɗora hannu a cikinta, na ce ta yi shiru. Can na ji shi, ɗan kaɗan, kamar kifi ya juya a ƙwarya.

"Motsi ne," na ce. "Ke ma haka kika fara min, ina tsakar daka."

"Ni?" ta ce, ta riƙe hannuna a wurin. Rabona da taɓa jikinta tun ranar yaye.

Da na ɗaga kai, Yaya tana can bakin ruwa tana wanke kofin da ba wanda ya sha da shi.

Na ji daɗi. Bari in rubuta gaskiya, na ji daɗi ƙwarai.

Lahadi, 25 ga Oktoba

Yau Tsohon Birnin Gwari muka je. Yaya ta ce kanta na ciwo, ta zauna gida. Na ce yau ranata ce.

Wani dattijo ya zagaya da mu inda ganuwa take a da, da kufan gidaje da kukoki suka tsiro a ciki. Ni da Saliha muna tafe a baya, ba mai kallon wani. Ta tambaye ni, idonta a kan ciyawa, ko ruwan jego yana ƙuna kamar yadda ake faɗa. Na ce wa ciyawar yana ƙuna, amma in mai yin ta iya, da sauƙi.

A hanya muka tarar da matan Gwari da tukwane a kafaɗa. Saliha ta daɗe tana zaɓe, tana ƙwanƙwasa su, har ta ɗauki mai zane. Na riga na fara tunanin inda zan aje ta. Ta ce ta Mama ce, wai Mama ba ta son ruwan firiji.

Ni na riƙe tukunyar har gida don kada ta fashe.

Litinin, 26 ga Oktoba

Sun tafi. An bar min sabulu da turmin atamfa.

Laraba, 28 ga Oktoba

Malam ya ce kafin su tafi yayarsa ta yanke magana: a nan za a yi jego. Wai ta ce masa, "Na iya goyo, na iya tarbiyya, amma abin da ban taɓa ji a jikina ba ban iya shi ba. A kai ta wurin uwarta."

Uwarta. Da bakinta.

Na shiga ɗaki na yi sujada. Na fito na ƙona tuwo.

Asabar, 31 ga Oktoba

Na fara tara itace. Na yi wa mai kanwa magana. Ya kamata in yi ta murna, amma kofin nan da Yaya take wankewa ya ƙi fita raina. Ita ta kwana da yarinyar a asibiti lokacin ƙyanda, ni labari aka kawo min. Ba wai na manta ranar yaye ba ne. Ban manta ba.

Talata, 3 ga Nuwamba

Wankan jego ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ga hura wuta tun asuba, ga ɗaukar ruwa, ga kunun kanwa, ga jariri, ga Tsohuwa da ƙafarta. Kuma yarinyar nan ba ta cin abinci sai an zauna kusa da ita ana lallashi, ni kuwa ba zan iya ba. Dalilin ke nan, ba wani ba.

Na ce wa Malam a shafe ɗakin da ke kusa da nawa, a sa gado biyu. Ya dube ni zai yi magana, na ce tarinsa zai tashi.

Isah direba zai shiga Kaduna gobe. Na ba shi saƙon baka: ya ce wa Yaya Huseina ina gaishe ta, ta zo mu yi jegon nan tare, ni in yi wanka ita ta yi goyo. Ta taho da tukunyarta, mu nan ba mu da firiji. Ya ce mata ina son amsa kafin Babbar Sallah, don mai shafe zai tafi garinsu.

Idan ta zo, jaririn ita zai fara sani. Na san haka. Na dai aika.